GANI YA KORI JI: A KUNNA RUBUTU A TALABIJIN ƊIN HOSTEL

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, na Legas da na Ibadan, na Benin da na Fatakwal, har da ku na Nsukka. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe, don akwai aikin da nake so mu raba.

Ra'ayina shi ne: duk talabijin ɗin da jama'a ke kallo tare a makaranta, ta ɗakin kallo a hostel ce, ko ta wurin cin abinci, ko wadda ƙungiyarmu ke ɗaukowa ranar taro, a bar rubutun nan na ƙasan allo a kunne. Ya zama haka ake samun ta kullum. Mai son a kashe shi zai kawo hujja, ba mai son a kunna ba.

Na san wani zai ce, "Haba, ana fama da kuɗin makaranta da tsadar abinci, kai kuma sabtaitil ne damuwarka?" To ai shi ya sa ma na kawo maganar. Kuɗin makaranta ba a hannunmu yake ba. Rimot kuwa yana hannunmu, kuma gyaran nan ko sisi ba zai ci ba.

WAYE AKE BARI A BAYA?

Kowa ya san irin ɗalibin nan a hostel. In kana masa magana sai ya juyo da gefen fuska ɗaya, ko ya kafe bakinka da ido. In an yi barkwanci a ɗakin kallo, shi ne na ƙarshen yin dariya, sai ya ga kowa ya yi sannan ya bi sahu. Wasu su ce miskili ne, wasu su ce girman kai. Sau da yawa ba ko ɗaya, kunne ne ba ya ɗauka sosai, kuma ba zai faɗa ba, don ya san da zarar ya faɗa sunansa ya koma "kurma" har ya gama makaranta.

Mu 'yan Arewa bai kamata wannan ya zama baƙon abu gare mu ba. Yankinmu yana cikin zirin da sanƙarau ya fi addaba a Afirka, wanda ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha. A annobar 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. A 2017 ma ta sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tashi daga sanƙarau mai tsanani, kusan ɗaya kan rage da wata larura, kuma rashin ji yana gaba-gaba a ciki. Ga ƙyanda, ga hangum, ga ciwon kunne mai ruwa da ake bari tun yaro yana goye har ya yi ɓarna. Hukumar dai ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 a duniya, sama da kashi 5 cikin 100, suna da raunin ji da ke buƙatar kulawa. Ba sai ka je makarantar Tudun Maliki a Kano ba kafin ka ga mai wannan larura. Ka duba gidanku da unguwarku, da wuya ka rasa.

Wasu daga cikin yaran nan sun yi ta faɗi-tashi, sun ci WAEC, sun ci JAMB, sun baro gida sun zo nan. Da yawa ma Kudu suka nufo takanas, don nan ake da tsoffin cibiyoyin ilimin masu buƙata ta musamman. Tun 1960 Andrew Foster, wani Ba'amurke baƙar fata wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan, kuma a garin Oyo akwai kwalejin ilimi ta tarayya da aka ware domin wannan fanni tun 1977. Mutum ya sha duk wannan gwagwarmaya, sannan a ce labaran ƙarfe tara sun gagare shi saboda ba wanda ya damu ya danna maɓalli ɗaya?

Ranar da ake jiran sanarwar ASUU kan yajin aiki, ko ranar da ake faɗin sakamakon zaɓe, ku tuna yadda ɗakin kallo ke cika. Kowa ya ji da kunnensa, shi kuma sai ya riƙa taɓa na kusa da shi, "Me aka ce? Me aka ce?" Sau biyu za a amsa masa, na uku a ce "bari mana mu ji." Daga nan sai ya daina zuwa. Haka ake korar mutum daga cikin jama'a ba tare da kowa ya ce masa fita ba.

MU DA MUKE JI MA MUNA DA BUƘATA

Mu faɗa wa juna gaskiya. Da yawanmu makarantar gwamnati muka yi, inda ake koyar da Turanci da Hausa. Mun iya karatu da rubutu, wasunmu sun fi masu yi mana dariya maki a jarabawa, amma kunne bai saba da saurin bakin Bature ba. In ɗan jaridar Ingila ya ɗauko magana, ko 'yan fim ɗin Amurka suka shiga haɗiye kalmomi, rabi muke kamawa, sauran mu cike da hasashe. Kuma a gaban abokan ɗaki 'yan Kudu ba mai son ya ce "ban gane ba," don kowa na gudun a ce "aboki" bai ji Turanci ba. Sai mu yi ta gyaɗa kai.

Rubutun nan yana rufa wannan asiri ba tare da kowa ya roƙa ba. Kana jin kalma kana ganin ta a lokaci guda. Kalmar da ka daɗe kana gani a littafi ba ka san yadda ake furta ta ba, yau ka ji. Wadda ka daɗe kana ji ba ka san harrufanta ba, yau ka gani. A Indiya, wani malami mai suna Brij Kothari ya kama wannan dabara tun ƙarshen shekarun 1990: ya sa aka riƙa rubuta baitocin waƙoƙin fim a ƙasan allo da harshen da ake rera su, a shirye-shiryen gidan talabijin na gwamnati, don masu raunin karatu su riƙa karantawa suna nishaɗi. Mu da muka tashi da finafinan Indiya ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ga kuma hayaniya. Janareta na ruri a bayan taga, fanka na ƙara, wasu na gardamar Arsenal da Chelsea, mai indomi na kiran wanda ya ba da oda. Maganin da muka sani ɗaya ne, a ƙure murya. Sai na ɗakin kusa mai jarabawa gobe ya fito da faɗa. Rigingimu nawa aka yi a hostel a kan ƙarar talabijin? In rubutu na kunne, ana iya rage murya bayan ƙarfe goma kuma kowa ya bi abin da ake yi.

SABTAITIL DA CC BA ABU ƊAYA BA NE

Sabtaitil na yau da kullum an yi shi ne don mai ji wanda bai san harshen ba, magana kawai yake fassarawa. Wanda ake sa wa alamar CC, ko SDH a wasu wuraren, an yi shi ne don wanda ba ya ji. Shi yana faɗin waye ke magana, yana faɗin an ƙwanƙwasa ƙofa, waya na ƙara, an yi harbi a waje, kiɗa ya sauya. A fim, wani lokaci ƙarar takun da ke tahowa ita ce labarin gaba ɗaya. Don haka in an ba ku zaɓi biyu, ku ɗauki mai CC ko SDH.

Kuma inda abin ya zauna da gindinsa, matsa lamba aka yi. A Amurka an fara watsa irin wannan rubutu da mai kallo ke iya kunnawa da kashewa a Maris 1980, amma sai mutum ya sayi wata na'ura daban. Kurame da masu goya musu baya suka yi ta bibiya har aka yi doka a 1990 cewa duk talabijin mai inci 13 zuwa sama dole ta zo da na'urar a cikinta, dokar ta fara aiki a 1993. A Ingila, BBC ta fara a 1979. Mu a nan, Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya a Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Doka tana takarda. Ba za ta taso daga Abuja ta zo ta ɗauki rimot ɗin hostel ɗinku ba.

YADDA AKE KUNNAWA

Ga inda mutane da yawa ke karaya. Mutum ya shiga saitin talabijin, ya kunna, bai ga komai ba, ya ce "ba ya aiki." Ƙa'idar ɗaya ce, ku riƙe ta: inda hoton ya fito, nan ake kunna rubutun.

1. In da dikoda ake kallo, DStv ko GOtv ko StarTimes, rimot ɗin dikodar za ku ɗauka, ba na talabijin ba. Wayar HDMI hoto da sauti take kaiwa, ba ta kai ɓoyayyen rubutu don talabijin ta buɗe da kanta. Dikodar ce za ta ɗora rubutun a kan hoto sannan ta turo. Shi ya sa talabijin ɗin tokumbo da aka kawo daga Amurka, ko da akwai CC ɓaro-ɓaro a rimot ɗinta, za ka danna har ka gaji ba abin da zai fito. Ku shiga saitin dikodar, ku nemi wajen harshe, a nan za ku ga Subtitles. Ku kunna, ku zaɓi Turanci.

2. Ku sani ba kowane shiri ke ɗauke da rubutu ba. In tashar ba ta turo ba, ba abin da dikoda za ta nuna. Kafin ku yanke hukunci, ku gwada a tashar finafinai ko ta shirye-shiryen ƙasashen waje, nan aka fi samu.

3. In talabijin ɗin mai intanet ce, irin su Samsung ko LG ko Hisense, kuma YouTube ko Netflix ake kallo, a cikin manhajar za ku kunna. A YouTube akwai alamar CC a jikin bidiyon. A Netflix akwai wajen zaɓen sauti da rubutu yayin da fim ke tafiya. Saitin ita talabijin ɗin kanta yawanci yana ƙarƙashin Settings, a sashen da aka rubuta Accessibility.

4. In fim ne a filasha, wanda shi ne abincinmu na ƙarshen mako, wasu finafinan suna zuwa da rubutun a cikinsu, sai dai a zaɓo shi da maɓallin da aka rubuta SUB ko Subtitle. In babu, ana samun ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da .srt. Ku sa shi a folda ɗaya da fim ɗin, ku ba su suna iri ɗaya sak, harafi da harafi. Mafi yawan talabijin za su ɗauka da kansu. In laftof aka jona, VLC tana ba da damar ɗora fayil ɗin, har da matsar da shi gaba ko baya in rubutu da baki ba su zo daidai ba.

5. In akwai zaɓin girma da launi, ku sa farin rubutu ko rawaya a kan baƙar shimfiɗa, matsakaicin girma. Sannan mutum ɗaya ya je can kujerar ƙarshe ya gwada karantawa. In na baya bai gani ba, aikin bai kammala ba.

6. Bayan an ɗauke wuta an dawo, ku sake dubawa, don wasu na'urorin kan koma yadda suke. Mafi sauƙi, a rubuta matakan a takarda a manna a bango kusa da talabijin.

MASU CEWA A'A

Na ji hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba.

"Yana tare hoto." Layi biyu ne a ƙasa. Tashoshin labarai da muke kallo kullum suna da rubutu mai gudu a ƙasa, ga tambari a sama, ga farashin dala a gefe, ba wanda ya taɓa cewa a kashe. Kwana uku ido zai saba.

"Yana ɗauke hankali, ido na ta bin rubutu." Gaskiya ne, musamman a farko. Amma a auna mana. Kai ɗan damuwa ka samu, shi kuwa in an kashe ya rasa shirin ɗungurungum. Waɗannan biyun ba nauyinsu ɗaya ba.

"Ƙwallo fa?" Ku kwantar da hankalinku. Sau da yawa wasan kai tsaye ba ya ma zuwa da rubutu, kuma ƙwallo ita ce abu ɗaya da mai ji da marar ji ke kallo kafaɗa da kafaɗa. In ma an ce a kashe na minti 90, ba laifi, amma wanda ya kashe shi zai mayar kafin ya tashi.

"Rubutun ma cike yake da kuskure." Wannan kam akwai. Wanda na'ura ke yi da kanta a YouTube yana tuntuɓe da sunayenmu da lafazinmu, wani lokaci ya rubuta abin da zai ba ka dariya. Mu da muka ga irin Turancin da ake rubutawa a ƙasan wasu finafinan Kannywood mun san inda abin yake yoyo. Amma mai lalube a duhu ba ya raina 'yar fitila. A nemi a gyara, kada a ce a kashe.

"Ai babu kurma a hostel ɗinmu." Wa ya gaya maka? Ka bi ɗaki-ɗaki ka gwada kunnuwansu? Ai dalilin da ya sa na ce ya zama a kunne kullum ke nan, don kada sai mutum ya tsaya gaban mutum hamsin ya tona larurarsa kafin a ba shi haƙƙinsa. Mun san kunya irin tamu. Ɗan Arewa, balle 'yar Arewa, ya gwammace ya haƙura da ya ce a yi abu saboda shi. Kuma ku da ke kwana da abin sauraro a kunne an ƙure ƙara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin lalata jinsu ta wannan hanya. Gyaran da ka yi wa wani yau, wataƙila kanka ka yi wa.

Abu biyu kuma kada a manta. Na farko, kunna rubutu ba ya nufin kashe murya, don akwai 'yan uwanmu makafi da su kuma da kunne suke kallo. A bar duka biyun. Na biyu, rubutu ba ya maye gurbin mai fassara da hannu. Wanda aka haifa kurma, maganar hannu ce harshensa na farko, Turanci na biyu ne ko na uku. Kuma maganar hannun da kuramen ƙasar Hausa suka gada daban take da wadda ake koyarwa a makarantu, mai tushe daga Amurka. Don haka a lakca da manyan taruka, neman tafinta yana nan daram.

ABIN DA NAKE ROƘO

Yau da daddare, duk wanda ya karanta wannan, ya je ɗakin kallo ya gwada. Ba sai an kafa kwamiti ba. In rimot yana hannun ciyaman na hostel ko fota, a same shi cikin mutunci a yi masa bayani. Kada a je da faɗa, kuma kada a mai da abin na 'yan Arewa kaɗai. Ku jawo abokanku Yarbawa da Ibo da sauransu, su ma suna da 'yan uwa masu wannan larura, kuma magana in ta fito daga baki daban-daban ta fi shiga.

A taron hostel na gaba, wani ya miƙe ya nemi a rubuta shi cikin dokokin ɗakin kallo, kusa da dokar lokacin kashe talabijin. Abin da aka rubuta ya fi wuyar sharewa in shugabanni suka sauya.

'Yan uwa mata, ku ma ku duba naku ɓangaren, don mu ba shiga muke ba. Abin da ke faruwa a wajenmu na tabbata yana faruwa a wajenku.

Shugabannin ƙungiyoyinmu na jiha-jiha da na Arewa baki ɗaya, ku fara da kanku. Ranar tarbar sababbin ɗalibai ko makon al'adu, in za a haska fim ko bidiyo, a nemi mai rubutu. In fim ɗin Hausa ne mai fassarar Turanci, riba biyu ce: ɗan uwanmu marar ji ya bi labari, baƙinmu 'yan Kudu ma su gane abin da muke wa dariya, su san muna da labarai ban da waɗanda suke gani a jarida. Sanarwa kuma, ku daina tura ta da murya kaɗai a WhatsApp. Saƙon murya na minti huɗu kan sauyin ɗakin jarabawa, ga wanda ba ya ji, daidai yake da ba a tura ba. A bi shi da layi biyu a rubuce.

Masu yin bidiyo na TikTok da Facebook a cikinmu, ku ma ku riƙa ɗora rubutu, da Hausa in Hausa kuka yi. Ko ba don kowa ba, da yawa a laburare ko a cikin mota suke kallo, murya a kashe.

Mu da muka san zafin shiga wuri a juya harshe a bar mu muna zare ido, mu ne ya fi kamata mu fara lura da wanda aka bari a baya. Duk wanda ya gwada a hostel ɗinsu, ya gaya mana irin dikoda ko talabijin ɗin da kuma inda ya samu saitin, don na wata makarantar ya huta da lalube. Ku tura wa ciyamominku.

Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya mai da mu gida lafiya.